Tara Ka Raba: Darasin Matsakaici a Azuzuwan Firamaren Abuja

Duk wanda ya bar Gwagwalada ya nufi Lokoja, kafin ya shiga garin Kwali sai ya ratsa Sheda. A wannan ɗan yanki akwai hukumomi biyu da ba kasafai matafiyi ke ɗaga kai ya dube su ba, alhali abin da ake ƙullawa a cikinsu yana shiga jakar kowane ɗan makaranta a Najeriya. Ta farko ita ce Hukumar Bincike da Bunƙasa Ilimi ta Ƙasa, NERDC, wadda aka kafa a 1988, ita ce mai tsara manhajar firamare da sakandare. Ta biyu Cibiyar Lissafi ta Ƙasa, mai horar da yaran da ke wakiltar ƙasar nan a gasar lissafi ta duniya. Can tsakiyar birni kuma ga Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, NBS, wadda kowane wata take fitar da matsakaicin farashin shinkafa da wake da tumatir da man fetur, gidajen rediyo su karanta, masu saurare su yi ta gardama a kai.

Ke nan a Abuja ake rubuta darasin, a Abuja kuma ake sarrafa alƙaluman da darasin ya kamata ya koya wa mutum karantawa. Abin tambaya shi ne, me ke isa ga yaron aji biyar ko shida da ke zaune a kan benci a makarantar gwamnati ta Kuje ko Bwari ko Abaji?

Darasin kansa ba dogo ba ne. Hanyoyi uku ne na ɗauko lamba ɗaya ta tsaya a madadin lambobi masu yawa. Akwai matsakaici: a tara duka, a raba da yawansu. Akwai lambar tsakiya: a jera daga ƙarami zuwa babba, a ɗauki wadda ta faɗo a tsakiyar layi. Akwai mai rinjaye: wadda ta fi sauran yawan fitowa. A aji ana kiransu da sunayensu na Turanci, min da midiyan da mod, yara su rera su kamar karatun safe. Malam ya rubuta 2, 3, 3, 5, 7 a allo. Jimla 20, a raba biyar, matsakaici 4. Ta tsakiya 3. Mai rinjaye 3. Yara su kwafa, a ba su guda biyar irinsa su yi a gida, shi ke nan an wuce.

Babu kuskure a wannan lissafi. Amma an yi tuya an manta da albasa. Waɗannan lambobi biyar na mene ne? Shekaru ne, ko kuɗi, ko awaki? Kuma tunda amsoshin sun bambanta, wanne ne ya fi faɗin gaskiyar abin da ake aunawa? A ganina nan ne darasin yake, kuma shi ne ɓangaren da aka fi tsallakewa. Yaron da ya iya tarawa da rabawa, amma bai taɓa jin an tambaye shi dalilin zaɓen wannan ma'auni a kan wancan ba, an ba shi rabin kaya ne.

Darasin da ke zuwa a ƙarshen layi

A manhajar ilimin bai-ɗaya ta shekara tara da NERDC ta tsara, an kasa lissafin firamare zuwa manyan rukunai: lambobi da ƙirga, tarawa da ɗebewa da ninkawa da rabawa, awo da siffofi, da sauransu. Rukunin ƙididdigar yau da kullum shi ne na ƙarshe a jerin, kuma a yawancin tsare-tsaren aiki na makarantu yana faɗowa ne a zango na uku. Duk malamin da ya daɗe da alli a hannu ya san makomar darasin da aka ajiye a ƙarshen shekara. Idan an yi jinkiri a kan kason lamba ko rabawa mai tsawo, shi ake matsewa. Idan ranar bikin yaye ɗalibai ta matso, shi ake gudu a kansa.

Shekarar 2025 ta nuna wannan a fili. Malaman firamaren gwamnati na Birnin Tarayya sun shiga yajin aiki daga ƙarshen watan Maris, saboda ƙananan hukumomi shida ba su fara biyansu mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024 ba, ga kuma bashin haƙƙoƙinsu na baya. Ba a koma aji ba sai a watan Yuli, bayan Ministan Birnin Tarayya, Nyesom Wike, ya sa baki. Sama da wata uku makarantun suna kulle, kuma mafi yawan wannan lokaci na zango na uku ne. Ba zan ɗora laifi a kan malamin da ke neman haƙƙin guminsa ba. Amma yaran aji shida na wannan shekara sun wuce sakandare, kuma ba sai an yi dogon bincike ba kafin a gane wane ɓangare na littafin lissafinsu ne ya fi zama sabo fil.

Akwai wata matsalar da ta riga wannan. Binciken gidaje da NBS ta gudanar tare da UNICEF a 2021 ya gano cewa a cikin yara 'yan shekara 7 zuwa 14 a Najeriya, kimanin ɗaya bisa huɗu ne kawai ke da tushen lissafi, wato karanta lamba, gane babba da ƙarami, tarawa mai sauƙi, da cike gurbi a jerin lambobi. Wannan adadi na ƙasa baki ɗaya ne, kuma jihohi sun sha bamban, amma malamin aji biyar a gefen Abuja ya san cewa a cikin yaran da ke gabansa akwai waɗanda rabawa ke yi musu wuya har yanzu. Idan aka buɗe darasi da matsakaici, kamar yadda littattafai suka saba, an rufe wa waɗannan ƙofa tun a minti na farko. Mai rinjaye ƙirga kawai yake buƙata. Lambar tsakiya jerawa kawai take buƙata. Da waɗannan biyu ya kamata a fara, a bar mai rabawa ya zo daga baya, lokacin da yaro ya riga ya fahimci abin da ake nema.

Kuɗin tara

Na taɓa zama a bayan aji a wata makarantar gwamnati da ke gefen birnin, a unguwar da yawancin yaranta ke jin Hausa, ko da a gida Gbagyi ko Fulatanci suke yi. Malamar ta fito da yara tara gaban allo, ta miƙa wa kowanne ƙaramar takarda da ta yanko daga kwalin sabulu. Ta ce wannan shi ne kuɗin tarar da aka ba kowa yau. A jikin takardun an rubuta 0, 100, 100, 200, 200, 200, 200, 300 da 500. Ba ta tambayi kowa ainihin abin da ya zo da shi daga gida ba, kuma wannan hikima ce, domin a kowane aji akwai wanda ya fito hannu rabbana, kuma bai kamata darasin lissafi ya tona masa asiri ba.

Ta ce su jeru daga mai ƙaramin kuɗi zuwa mai babba. Aka ɗan yi turereniya tsakanin masu ɗari biyu su huɗu, kowa yana son ya tsaya gaba, har ta ce musu duk ɗaya ne. Sannan ta sa na farkon layi da na ƙarshe suka koma suka zauna, sai na biye da su, har aka bar yarinya ɗaya tsaye riƙe da 200. Ta tsakiya ke nan. Mai rinjaye ma tun daga turereniyar kowa ya gan shi. Aka tara duka aka sami 1,800, aka raba tara, 200. Ma'aunan uku suka haɗu a wuri ɗaya, aji ya yi tafi.

Sai ta karɓe takardar mai 500, ta ba shi wata mai 5,000. Ta ce kawunsa ne ya zo daga tafiya. Aka sake tarawa, 6,300. Aka raba tara, 700.

“To, idan baƙo ya shigo ya ce nawa ake ba ɗan ajin nan kuɗin tara, me za mu ce masa?”

Wasu suka ce ɗari bakwai, tunda ita ce a allo. Wata yarinya daga layi na biyu ta ɗaga hannu.

“Malama, ɗari bakwai ba gaskiya ba ce. Ba wanda ya zo da ita.”

“Mun ɓata lissafin ne?”

“A'a, Malama, lissafin daidai ne.”

“To mene ne?”

Yarinyar ta yi shiru, ta dubi mai dubu biyar. “Kuɗinsa ne ya ja ta sama. Mu muna nan inda muke.”

Malamar ba ta ƙara komai a kai ba. Ta sake jera su, aka ga har yanzu mai 200 ce a tsakiya. Mutum takwas cikin tara ba su kai rabin matsakaicin ba. Abin da wannan yarinya ta faɗa a jimla biyu shi ne abin da masana ƙididdiga ke nufi idan suka ce lamba ɗaya da ta yi nisa da 'yan uwanta tana jan matsakaici, amma ba ta iya motsa lambar tsakiya.

Kafin a tashi, wani yaro ya kawo nasa. Ya ce shi ya raba 1,800 da takwas ne ya sami 225, domin mai sifiri ba shi da komai, don me za a ƙirga shi? Wannan kuskure tsoho ne. Wasu masu bincike biyu, Strauss da Bichler, sun nuna tun a 1988 cewa sanya sifiri cikin lissafin matsakaici yana daga cikin abubuwan da suka fi ba yara wahala. Malamar ta ce masa, idan aka zuba kuɗin a kwano ɗaya za a raba daidai, shi wanda bai kawo ba za a hana shi ne? Ya ce a'a, a ba shi. Ta ce to ka ƙirga shi.

A nan ta taɓo ma'anar matsakaici ta asali, wadda ta riga dabarar tara-ka-raba. Ɗan Bahaushe ya san watanda: a haɗa a sayi sa, a yanka, a kasa naman kashi-kashi, ana ɗauka daga wanda ya yi tudu ana ƙara wa wanda ya rame har su daidaita. Matsakaici shi ne girman kowane kashi bayan an daidaita. Yaron da aka ba marafan kwalba ya jera su tsibi biyar, 2, 3, 3, 5, 7, aka ce ya daidaita su ba tare da ya ƙara ko ya rage ba, zai ciro uku daga mai bakwai da ɗaya daga mai biyar, ya cike sauran, kowane tsibi ya koma 4. Bai yi rabawa ba, amma ya gane abin da rabawar ke yi. Daga baya idan aka nuna masa gajeriyar hanya, ya san daga ina ta fito.

A 1995, wasu masu bincike a Amurka, Jan Mokros da Susan Russell, sun juya tambayar. Maimakon su ba yara lambobi su nemo matsakaici, sai suka ba su matsakaicin, suka ce su ƙirƙiro lambobin da za su iya haifar da shi. Abin da suka gani ya kamata ya tsaya wa duk mai koyarwa a rai: yaran da suka rungumi dabarar tara-ka-raba a matsayin ma'anar matsakaici gaba ɗaya sukan rikice idan aka zo musu ta baya, domin dabarar ta shiga tsakaninsu da tunanin da suke da shi tun farko. Malami a Gwagwalada zai iya gwada wannan gobe ba tare da ya sayi komai ba. Gidaje biyar ne a layinmu, matsakaicin yawan 'ya'ya huɗu ne, amma babu gida ko ɗaya mai 'ya'ya huɗu. Nawa ne a kowane gida? Wani zai kawo 2, 2, 3, 5, 8. Wata ta kawo 1, 2, 5, 6, 6. Duka daidai ne, kuma ganin cewa amsa ta gaskiya ta fi ɗaya shi kansa sabon abu ne ga yaran da suka saba da jan biro ko alamar daidai.

Sauran kurakuran an san su. Yaro ya ga 7, 2, 9, 4, 5, ya ɗauki 9 a matsayin ta tsakiya domin ita ce a tsakiyar rubutu, ya manta da jerawa. Ko a ce masa lambar takalmi 34 ta fito sau shida, wace ce mai rinjaye, ya ce shida. Wanda ya taɓa tsayawa a layi aka cire na gefe da gefe har aka zo kansa, da wuya ya yi na farkon. Idan yaran su shida ne aka jera su bisa tsawo, mutum biyu suka rage a tsakiya, ɗaya santimita 132 ɗaya 136, sai a ɗauki 134, kuma yara su gani da idonsu cewa babu mai wannan tsawo a cikinsu.

Sa ɗaya a Plymouth

Lambar tsakiya tana da labarin da yara ke so. A 1906, a wani baje kolin dabbobi a garin Plymouth na Ingila, an kawo ƙosasshen sa, aka ce duk mai so ya sayi tikiti ya rubuta nauyin da yake zaton naman zai yi bayan an yanka an feɗe. Mahauta da manoma da 'yan kallo suka shiga. Francis Galton, masanin ƙididdiga wanda ba ya ganin talaka da gashi, wanda kuma ra'ayinsa na fifita wasu jinsuna a kan wasu ya bar baƙin tabo a tarihi, ya karɓi tikitin bayan an gama. Guda 787 ne suka karantu. Ya jera su daga ƙarami zuwa babba, ya ɗauko na tsakiya: laba 1,207. Da aka auna naman, laba 1,198 ya yi, wato kilo 543 da 'yan kai. Tazarar laba tara ce kacal. Ya buga sakamakon a 1907, ya kuma bayyana dalilinsa na zaɓen ta tsakiya: mutum ɗaya mai wuce gona da iri zai iya karkatar da matsakaici gwargwadon girman shirmensa, amma a layin da aka jera, ƙuri'a ɗaya gare shi kamar kowa.

Yaran da iyayensu ke harkar dabbobi a kasuwar Dei-Dei sun san mutanen da ke duban sa su faɗi kuɗinsa ba sikeli. A aji ba sai an kawo sa ba. Gwangwanin madara cike da wake ya isa. Kowa ya rubuta zatonsa a takarda, a jera a allo, a nemo ta tsakiya, a nemo matsakaici, sannan a zazzage a ƙirga. Kusan kullum akwai wanda zai rubuta miliyan ɗaya don a yi dariya, kuma shi ne zai yi wa malam rabin aikinsa.

Muna da namu abin nunawa daga gida. Muhammad ibn Muhammad al-Fulani al-Kashinawi, malamin Katsina da ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi rubutu da Larabci a kan murabba'an lambobi, waɗanda kowane layi nasu, a tsaye ko a kwance ko a karkace, jimlarsa ɗaya ce. Mafi ƙanƙantarsu yana da gida tara, da lambobi daga 1 zuwa 9: layin sama 4, 9, 2, na tsakiya 3, 5, 7, na ƙasa 8, 1, 6. Kowane layi 15. Lambar da ke gidan tsakiya, 5, ita ce matsakaicin duka taran, ita ce kuma ta tsakiyarsu idan an jera. Sun haɗu ne saboda lambobin sun daidaita hagu da dama. Yana da kyau yara su ga wannan, su kuma ji cewa Bakatsine ya yi zurfi a irin wannan ilimi kusan shekara 300 da suka wuce. Sai dai a faɗa musu cewa kuɗin shiga na mutane da kuɗin hayar gidaje ba sa jeruwa haka.

Birnin da matsakaici ba ya kamawa

Abuja ta fi kowane littafi iya bayyana wannan. Maitama da Mpape maƙwabta ne, tudu da 'yan mintuna a mota suka raba su. Wanda ya haɗa kuɗin hayar gidajen unguwannin biyu ya raba, zai fito da adadin da mazaunin Maitama zai yi wa dariya, na Mpape kuma ya riƙe baki. Haka tsakanin Asokoro da Nyanya. Da yawa daga cikin yaran makarantun gwamnati 'ya'yan direbobi ne da masu gadi da masu aikin gida da ke shiga waɗancan unguwanni da safe su fito da yamma. Sun san bambancin tun kafin a koya musu sunansa. Abin da ya rage shi ne a ba su hanyar faɗarsa da lamba.

Domin lambobin za su same su ko sun koya ko ba su koya ba. Za su ji an ce tsawon rayuwar ɗan Najeriya kimanin shekara 54 ne, kamar yadda ƙiyasin Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna, wasu su ɗauka cewa mai shekara 50 ya kusa. Ba haka ba ne. Wannan adadi matsakaici ne, kuma mutuwar ƙananan yara tana cikin manyan abubuwan da ke jan shi ƙasa. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa a cikin kowane yara 1,000 da aka haifa, 132 ba sa kai shekara biyar. A na 2023 zuwa 2024 adadin ya sauko 110. A ɗauki mutum biyar da suka rasu suna da shekara 1, 2, 68, 72 da 77. Matsakaici 44, alhali babu wanda ya rasu kusa da wannan shekara. Ta tsakiya 68. Wanda ya gane haka ya san cewa adadin yana magana ne da farko a kan riga-kafi da ruwan sha da asibitin haihuwa.

Za su ji an ce rabin 'yan Najeriya ba su wuce kimanin shekara 18 ba. Wannan lambar tsakiya ce, kuma su ne ake nufi. Za su ji NBS ta faɗi matsakaicin farashin kilo ɗaya na shinkafa, uwarsu ta dawo daga kasuwar Karmo ta ce ita ba haka ta saya ba. Mai yiwuwa duka biyun gaskiya suka faɗa, domin hukumar tana haɗa farashi ne daga jihohi 36 da Abuja, kuma a rahoton nata takan nuna jihar da ta fi tsada da wadda ta fi araha, sai dai wannan ɓangare ba kasafai yake kaiwa kanun labarai ba. Mai sayar da takalman makaranta a kasuwar Wuse kuwa ba ruwansa da matsakaici. Lambar da ta fi fita ita yake sarowa da yawa, domin idan ya bi tara-ka-raba zai iya cika shago da lambar da ba ta shiga ƙafar kowa. Karl Pearson ne ya raɗa wa mai rinjaye sunansa na Turanci a 1895, amma 'yan kasuwa sun daɗe suna aiki da shi.

Mu ma iyaye muna da namu kason. Matsakaicin da muka fi sani shi ne na katin sakamako. Uba ya buɗe, idonsa ya tafi kai tsaye kan abareji da matsayi a aji. Ya ga 76, ya ce madalla. A ciki kuwa akwai 95, 90, 88, 92, sai 15 a lissafi. Darussa huɗu sun rufa wa ɗaya asiri, yaro ya haura aji na gaba da raminsa. Da uban ya san cewa matsakaici yana ɓoyewa kamar yadda yake bayyanawa, da ya bi layin ɗaya bayan ɗaya.

Da wane harshe, kuma wa zai koyar

A ƙarshen 2022 gwamnatin tarayya ta amince da tsarin koyar da yaran firamare da harshen uwa. A Nuwamban 2025 Ministan Ilimi, Tunji Alausa, ya sanar a nan Abuja cewa an soke shi, an koma Turanci. A ajin Abuja, inda Bagwari da Bahaushe da Ibo da Bayarabe da Bassa ke zaune a benci ɗaya, dama can tsarin bai taɓa zama mai sauƙi ba. Jarrabawar shiga makarantun haɗin kan ƙasa da NECO ke shiryawa da Turanci take zuwa, don haka dole yaro ya san sunayen uku yadda za su fito a takarda. Amma sunaye biyu na farko, min da midiyan, sun yi kama a kunnen wanda Turanci ba harshensa ba ne, kuma yara da yawa a nan suke faɗuwa, ba a lissafin ba. Malamin da ya bari yara suka yi gardamar kuɗin tara da Hausa ko Gbagyi ko Turancin buroka, sannan ya liƙa wa abin da suka gano sunansa na jarrabawa, bai saɓa wa kowace doka ta hankali ba. Yarinyar nan da ta ce “mu muna nan inda muke” ba na jin za ta iya faɗar haka da Turanci a ranar.

Malamin firamare shi kaɗai ke ɗaukar kusan dukkan darussa, kuma da yawansu su ma da hadda aka koya musu wannan babi. Wurin gyara shi ne inda ake horar da su, irin Kwalejin Ilimi ta Birnin Tarayya da ke Zuba, da tarukan ƙara wa juna sani da hukumar ilimin bai-ɗaya ta Abuja ke shiryawa. Awa biyu da marafan kwalba da gwangwanin wake za su yi tasirin da dogon jawabi ba zai yi ba. Masu tsara tambayoyin jarrabawa su ma suna da rawar takawa, domin abin da ake tambaya shi ake koyarwa. Muddin tambayar ita ce “nemo matsakaicin waɗannan lambobi”, haka za a ci gaba da yi a aji. Ranar da aka fara ba yaro albashin ma'aikata tara da na mai kamfani, aka ce wane ma'auni ne ya fi nuna abin da ma'aikaci ke samu, kuma don me, malamai za su sauya salo cikin zango ɗaya.

Akwai kuma abin da hedimasta zai iya yi ba tare da jiran Sheda ba, wato ya hana darasin zaman jiran zango na uku. A kusurwar allon kowane aji ana rubuta yawan waɗanda suka zo kullum bayan kiran suna. Waɗannan lambobi na gaske ne, na yaran kansu, kuma kyauta ne. A tara na mako guda: 62, 64, 63, 61, sai ranar Juma'a 35. Minti goma kafin a tashi, a nemo matsakaici, 57. A jera a nemo ta tsakiya, 62. Sai a tambayi aji wanne ne ya fi kama da ranar makaranta ta yau da kullum, kuma ina sauran suka tafi ranar Juma'a. A unguwar da kasuwa ke ci a wannan rana, yaran za su ba da amsa dalla-dalla, har da wanda ya tafi talla da wanda aka bar wa ƙanne. Idan aka yi haka kowane mako tun daga watan Satumba, ko da yajin aiki ya sake cinye zango na uku, an riga an yi darasin sau ashirin.